Fitilar da ke yi wa direban jirgin ƙasa magana

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a zamanin da alamar gefen dogo hannun ƙarfe ce a kan doguwar sanda: in ya miƙe a kwance, tsayawa dole. Yanzu fitilu ne. Ja, tsaya. Kore, hanya a buɗe take. Ni dai ruwan ɗorawa ce ta fi tsaya mini a rai, domin ita ke gaya wa direba ya rage gudu, ja na nan gaba. Ƙarfe ne fa ke gudu a kan ƙarfe, jirgi kan ci kusan kilomita guda kafin birki ya tsayar da shi. Masu satar wayoyin fitilun nan, ku ji tsoron Allah, rayukan fasinjoji ne.