HAIHUWAR ƊA BA HANNUWA: INA LAIFIN UWA?



Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya isa gonakin Kura da Bunkure, aikin hannu ya ƙaru: dashen shinkafa, yankan alkama, tsinkar tumatir. A ƙasar da abinci ke fitowa daga hannu, ku duba halin matar da ta haifi jariri ba hannuwa. Abu ne da ba safai yake aukuwa ba, amma in ya auku, uwa ake tuhuma. Sai a ce ta je bakin ruwa da tsakar rana ta gamu da iska, ko kuwa a ce ɗan ruwa ta haifa.

To, me likitoci suka gano? Hannuwan ɗan tayi suna fara tsirowa ne a mako na 4 da shigar ciki, zuwa mako na 8 siffarsu ta bayyana. Watau sau da yawa abin yakan faru tun mace ba ta tabbatar tana da juna biyu ba. Wani lokaci daga ƙwayoyin halitta ne, wani lokaci kuma daga magani. Babban misali shi ne Thalidomide, wanda aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957, masu ciki suna sha don laulayi. Kafin a janye shi a 1961, ya nakasa jarirai fiye da 10,000, da yawansu hannuwan guntaye ne ko babu su sam. Ba iska ba ce, ƙwaya ce. Saboda haka ya wajaba mai tsammanin ciki ta guji maganin talla, ta nemi shawarar asibiti.

Shi kuwa yaron, rashin hannu bai taɓa masa hankali ba. Jessica Cox, wadda aka haifa ba hannuwa a Amurka a 1983, ta sami takardar tuƙin jirgin sama a 2008, da ƙafafu take tuƙawa. Har ila yau, dokar Nijeriya da aka sa wa hannu a 2019 ta hana nuna wa nakasassu bambanci.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina ga wanda ba shi da ko ɗaya? Mu ne hannuwansa, har ƙafarsa ta koyi riƙon alƙalami. Ku da za ku riƙe makarantu da ofisoshi, ku ba shi gurbi a aji, kada kwanon bara ya zama gadonsa.