Kafin Ka Sayi Batirin Mota: Jawabin Da Aka Yi Wa Taron Ƙungiya A Gombe

 

An umarce ni in yi ɗan bayani a kan batirin mota, musamman na bas da a-kori-kura. Da yawanmu abin da ya baro mu da Kano da Katsina da Zariya ya kawo mu Gombe shi ne neman abinci, kuma abincin nan a bisa taya yake. Wani hatsi yake ɗauka daga Tudun Hatsi, wani lodin fasinja yake yi a Tashar Dukku ko Tashar Bauchi. Ranar da mota ta ƙi tashi da asuba, layinka ya wuce, cefanen gida ma ya tsaya. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, Naira kuma ta faɗi, kuɗin batir ya zama jari. Bai kamata mutum ya saya da ka ba.

Abu na farko, jama'a, kada ka yanke wa batir hukunci sai ka je wajen mai gyaran waya ya sa mita. Batir mai lafiya, in ya cika kuma mota tana kashe, zai nuna wajen bolt 12.6. In an tada inji, ya kamata allura ta hau tsakanin 13.8 da 14.4. In ba ta kai haka ba, to laifin na altaneto ne, ko bel ya saki, ko kan batir ya yi tsatsa. Ka sa sabo a irin wannan mota, tsugune ba ta ƙare ba, kwana kaɗan shi ma zai kwanta. In kuma caji ya zarce 15, dafa batirin yake yi, ruwansa ya ƙone.

Na biyu, motarka ce za ta zaɓa, ba aljihunka ba. Dubi lambar da ke jikin tsohon, wadda ake rubuta Ah a gabanta, misali 60 ko 75 ko 100. Wannan shi ne yawan wutar da yake iya ajiyewa. Akwai wata lambar kuma, CCA, ita ce ƙarfin bugun da yake ba kik. Hiace mai shan gas ta fi mai fetur bukatar ƙarfin nan, domin injin gas ya fi nauyin juyawa. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya sa wa motar. Ƙari kaɗan ba laifi, amma fa in ya shiga mazauninsa. Ka lura kuma da ɓangaren da kan jan waya yake, dama ko hagu, don kada ka kai gida waya ta ƙi kaiwa. Wanda bai iya karatun boko ba, ya ɗauki tsohon ya tafi da shi shago, a jera su a gani.

Na uku, batir yana tsufa ko a kan kanta yake. Tambayi ranar da aka yi shi, ka nemi wanda bai wuce wata shida ba. A gwada maka shi a gabanka, a ba ka rasit da garanti a rubuce, da sunan shago. "Ai mun saba, Alhaji" ba takarda ba ce. Na hannu kuwa, wanda ake ce wa Baljiyam, da wanda aka wanke aka sake wa ruwa, araha ba ta ado. Zai iya tada mota a bakin shago, ya ba ka kunya tsakanin Dukku da Darazo da dare, ga iyali a ciki za ku gida Sallah. Batirin sola kuma aikinsa daban, ba a yi shi don bugun kik ba.

Akwai abin da ya kamata mu gane game da garin nan. Mutane suna cewa sanyi ne ke kashe batir. A gaskiya zafin Maris da Afrilu ne ke cinye shi, ya ƙafar da ruwansa, ya ci farantan da ke ciki. Hunturun Disamba tona asiri kawai yake yi. Saboda haka mai irin batirin da ake buɗewa ya riƙa duba ruwa duk wata, a bazara ma fiye da haka. In ya ragu, tataccen ruwan batir za a ƙara, ban da na rijiya, ban da fiyawata, ban da ƙarin asid. A ɗaure shi tamau, domin girgizar hanya tana kakkarya shi. Wajen cirewa a fara da baƙar waya, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe. Kada a kusance shi da taba ko ashana.

Daga ƙarshe, tsohon batir kuɗi ne, masu shago suna karɓa su rage maka farashi. Don Allah kada a ajiye shi a tsakar gida, kada a bar yara su fasa. Dalma ce a ciki. Mun ji abin da gubar dalma ta wajen haƙar zinariya ta yi a Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka rasu. Dalmar dai ita ce.

Shawarata ga shugabanni, a samu amintaccen mai gyaran waya guda, wanda 'yan ƙungiya za su riƙa zuwa gwaji wurinsa kafin su fitar da kuɗi. Mai tambaya ya ɗaga hannu bayan addu'a.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a nemanmu, Ya zaunar da Gombe lafiya. Wassalamu alaikum.