Ina Kwana Talatin Ɗin Mai Jego Suka Shiga?

Jawabin da wata 'yar ƙungiya, tsohuwar jami'ar kula da ma'aikata, ta gabatar a taron shekara-shekara da aka yi a Jega



Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai da suka daure suka zo duk da nisa da yawan shekaru, shugabannin ƙungiya, 'yan ajinmu da ƙannenmu da suka biyo bayanmu, ina yi wa kowa sannu da zuwa. Da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni ce zan yi magana bana, sai na ce masa ai ko a makaranta ba a san ni da baki ba, ga malaminmu na Hausa nan zaune ya shaida. Ya ce wadda ta yi shekara 35 tana buɗe fayil tana rufewa ba za ta rasa abin faɗi ba. To, na zaɓi in yi magana a kan wani abu da ya taɓa cuta ta, na kuma ga ya cuci mata da yawa a gaban idona, wato yadda hutun shekara ke shigewa cikin hutun haihuwa, da abin da wannan ke yi wa albashi. Maza kada ku fara hamma, domin aljihunku ne ke fara jin zafin abin.

Bari in fara da kaina. A shekarar 1994 ina aiki a sakatariyar wata ƙaramar hukuma, ban daɗe da hawa matakin albashi na 7 ba, wanda ya ba ni kwana 30 na hutun shekara. Cikin watan Maris aka aiko daga Fagada cewa Inna ba ta da lafiya. Na cika takarda, na ɗauki hutuna gaba ɗaya, na tafi jiyya. A lokacin ina da ƙaramin ciki, amma wa zan gaya wa? Inna ta samu sauƙi, na koma aiki. A watan Satumba na kai takardar likita, aka ba ni hutun haihuwa na mako 12 kamar yadda ake bayarwa a wancan zamani, shida kafin haihuwa, shida bayanta. Allah ya sauke ni lafiya cikin Oktoba. Waɗanda suka san shekarar za su tuna a wannan wata ne gwamnatin Janar Abacha ta ɗaga litar fetur daga naira 3.25 zuwa naira 15, sannan ta sauko da ita 11, kuma komai na kasuwar Jega ya bi ta ya tashi.

Ƙarshen wata na aiki ƙanena ya karɓo mini albashi. Ya dawo hannu wofi, ya ce kashiya ya duba ya ce babu sunana. Na ɗauka kuskure ne. Maigida ya je da kansa, sai akawu ya buɗe masa littafin dokokin aiki ya nuna masa wuri, ya ce: "Malam, ai Hajiya ta riga ta ci hutunta na bana tun Maris. Kwana 30 daga cikin hutun nan babu biya." Ga zubin adashe ya zo, ga kayan jego, ga maigida malamin makaranta ne wanda nasa albashin bai fito ba. Inna da ta zo yi mini wanka ta dube ni ta ce, "Mi kinka yi masu sunka hana ki haƙƙinki?" Ban iya ba ta amsa ba, domin ni da nake aiki a ofishin ban taɓa karanta wannan layi ba. Awarwarona na aure na sayar a watan nan.

Akawun nan bai zalunce ni ba, abin da ke rubuce ya bi. Dokokin Aikin Gwamnatin Tarayya, waɗanda jihohi da ƙananan hukumomi suka saba kwaikwayo, sun daɗe da wannan ƙa'ida. A bugun 2008 an faɗe ta ƙarara: mace mai ciki tana da mako 16 a jere da cikakken albashi, za ta fara aƙalla mako huɗu kafin ranar da likita ya ƙiyasta, za ta kuma kawo takardar likitan wata biyu kafin wannan rana. Sai aka biyo da cewa hutun shekarar nan yana cikin hutun haihuwa, in kuwa ta riga ta ci shi, to daidai kwanakinsa a cikin hutun haihuwa ba za a biya ta ba.

Malaminmu na lissafi yana nan, bari in gwada ko karatunsa ya zauna. Mako 12 kwana 84 ne. A cire 30 da kowane ma'aikaci na mataki na 7 zuwa sama yake da su, ko ya haihu ko bai haihu ba, saura 54. Wannan shi ne ainihin abin da aka ba mu saboda haihuwa, ko wata biyu bai cika ba. Mako 16 kwana 112 ne, a cire 30, saura 82. Na ƙasa da mu, masu kwana 21 ko 14 na hutun shekara, abin da ake cire musu bai kai namu yawa ba, amma albashinsu ma bai kai ya jure ragi ba. Mai shara da aka hana albashin mako biyu ta fi ni jin jiki.

Da aka mayar da ni sashen kula da ma'aikata sai na gane inda ramin yake. A farkon shekara ake zagayawa da takardar jerin hutu, kowa ya rubuta watan da yake so. Wanda ke zagayawa da ita yawanci namiji ne, wani lokaci ma sa'an mahaifin yarinya. Ku gaya mini wace Bahaushiya ce za ta dubi irin wannan dattijo ta ce masa tana da ciki wata biyu? Balle cikin fari, wanda ko uwarta ba ta gaya wa ba sai dai a gani. Sai ta rubuta Afrilu ko Mayu saboda bikin ƙanwarta, ta ci hutu, ta dawo, bayan wata biyar a yanke mata albashi. Kunya abar kirki ce, da ita aka raine mu, amma na ga ta cinye wa mata albashin wata guda fiye da sau goma. Abin da na riƙa yi shi ne in karɓi takardar da kaina, in kira matan ɗaya bayan ɗaya, in rufe ƙofa, in ce: "Ƙanwata, ba tambayarki nake yi ba. Amma in kina sa ran baƙo bana, kada ki taɓa hutun nan." Wasu su yi dariya su rufe fuska, su ce a mayar musu da shi Disamba. Shi ke nan, na gane.

Akan tambaye ni ko mace za ta iya haɗa hutun shekara mai zuwa da wutsiyar hutun haihuwa, musamman wadda ta haihu a Oktoba ko Nuwamba, hutunta ya kai Janairu. Ƙa'idar dai hutun shekarar da aka haihu kawai ta ambata. Sai dai akwai wata ƙa'idar da ta ce a bar wata shida tsakanin hutu da hutu, kuma lokacin tafiya hutun shekara yana hannun shugaban wurin aiki. Saboda haka a nema a rubuce, da wuri, a riƙe kofin amsa, kada a dogara da "ba komai, je ki" ta fatar baki. Shugaban da ya faɗi haka ana iya yi masa canjin wurin aiki kafin ki dawo.

Akwai wata dabara da mata ke yi wadda dole in taɓa, ko da wasu za su ji haushina. Don a tara kwanakin duka bayan haihuwa, sai mace ta yi ta zuwa aiki har naƙuda ta kama ta, wata ma ta roƙi a matsa mata ranar da ke takardar awo. Na san dalili, domin a tsarin da, mako shida bayan haihuwa kwana 42 ne, wato kwana biyu kacal bayan arba'in. Yau an gama wankan jego, jibi kina ofis. Amma na ga mai ciki wata tara a bayan babur tsakanin Maiyama da ƙauyen da take aiki, da damina, hanya duk ramuka. Kwanakin da za ta samu ba su kai abin da take jefawa cikin haɗari ba.

Shi wannan ma'auni na shida da shida ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa shi a yarjejeniyarta ta uku. A shekarar 2000 ta ɗaga shi zuwa mako 14 mafi ƙaranci, da biyan da bai gaza kashi biyu cikin uku na albashi ba, ta kuma ba da shawarar a kai mako 18. Maƙwabtanmu na Nijar mako 14 dokarsu ta bayar. A nan gida, Jihar Legas ta mayar da nata wata shida a 2014 ga haihuwa biyu na farko, Jihar Kaduna ta yi wata shida a 2019. Hujjarsu ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2001 cewa jariri ya sha nono zalla wata shida, abin da ba baƙo ba ne ga mutanen da addininsu ya ambaci shayarwa ta shekara biyu. An sake yi wa dokokin tarayya gyara a 2021, aka ba maza kwana 14 na aiki in matansu sun haihu, takardar umurnin kuma ta fito daga ofishin Shugabar Ma'aikata a Nuwamban 2022. Tun da yawan makonni yana canjawa daga wuri zuwa wuri, kowace mace ta nemi bugun da ofishinta ke aiki da shi da takardar umurni ta ƙarshe. Kada ta tsaya a kan adadin watanni ta yi murna. Ta karanta layin da ke biye, ta ga abin da aka ce game da hutun shekara.

Da yawa daga 'ya'yanmu ba gwamnati suke wa aiki ba, suna makarantun kuɗi da asibitocin kuɗi a Jega da Aliero da Birnin Kebbi. Su Dokar Ƙwadago ta 1974 ce madogararsu. Sashe na 54 ya ba da mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida a jere tana aiki a wurin, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa, ya kuma hana a ba ta takardar kora tana cikin wannan hutu. Sashe na 18 ya ba da aƙalla kwana shida na aiki a matsayin hutun shekara bayan wata 12. Abin lura, dokar ba ta ce a cire wannan daga wancan ba. Sai dai ta ware masu aikin shugabanci da na ƙwararru daga waɗanda take karewa, su takardar ɗaukar aiki ce ke magana. Don haka in 'yarki ta samu aiki, bayan guɗa a zauna a karanta takardar. A cikinmu kuma akwai masu makarantu, ina ganin biyu daga nan inda nake tsaye, ba zan kira suna ba. Malamar da kuka sallama don cikinta ya fito, 'yar wani ce daga cikin wannan ɗaki.

Ra'ayina shi ne wannan layi da ya haɗiye hutun shekara bai dace ba. Hutun shekara an yi shi ne don ma'aikaci ya huta. Wadda ta yi jego ta san babu hutu a cikinsa: ga ruwan zafi safe da yamma, ga rashin barci, wata ga ɗinki, wata ga ciwon da aka yi mata aiki. A 2004 Kotun Tarayyar Turai ta duba ƙarar wata ma'aikaciyar masana'anta a Sifaniya wadda hutun haihuwarta ya faɗo daidai lokacin hutun bazara na ma'aikatan wurin. Kotun ta yanke cewa dole a ba ta hutun shekararta a wani lokaci dabam, domin kowane hutu da abin da aka yi shi dominsa. Ban ga abin da ke cikin wannan hukunci wanda hankalin mutumin Fagada ba zai ɗauka ba. Abokin aikina namiji ya ci kwana 30 ya je ya duba albasarsa a Aliero ya dawo, albashinsa cif. Ni na je jiyyar uwata, aka cire mini wata guda don na haihu a shekarar.

Mai girma shugaba, wannan ƙungiya ta yaye daraktoci da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, akwai kuma waɗanda maganarsu ke isa majalisa. Ina roƙon a sa wannan batu cikin abubuwan da za a tattauna bayan cin abinci, a kuma naɗa mutum uku su rubuta takarda da sunan ƙungiya, a nemi duk inda ƙa'idar haɗe hutun biyu ta rage a raba su. Na bar wa sakatare kofi ashirin na sassan dokokin da na ambata. Ƙannena mata da za su cika takardar jerin hutu a Janairu mai zuwa, ina nan gindin darbejiyar bakin ƙofa har la'asar, kuma ba zan tambayi kowa wata nawa ne ba.