Fita da Mota Mai Lambar Nijar Zuwa Ƙasashen Maƙwabta

Jawabin da kwamitin ƙungiya ya yi a babban taron ƴan gari

Dattawanmu, iyayenmu, Allah shi ƙara maku lafiya da nisan kwana. Ƴan'uwa mazauna gida da waɗanda sunka taso daga Yamai, Kano, Legas, Kwatano da Abijan, muna yi maku barka da zuwa.

Kwamiti ya ɗora mana magana a kan mota. A da, in an ce motar gari, guda ɗaya ake nufi, kowa kuwa ya san direbanta. Yanzu Allah ya buɗa, ƴan ci-rani da yawa sun sayi mota sun aje gida, wasu don haya, wasu don iyali. Abin farin ciki ne. Amma bana kaɗai sau biyu ana tada shugaban ƙungiya cikin dare, ana ce mashi an riƙe motar wani ɗan gari a ƙetaren iyaka. Guda ta fito bayan kwana tara. Gudan har yau tana can, rana na cin tayunta. Ba mu faɗin sunan kowa, kuma ba wanda ya yi sata cikinsu. Takarda ce ta kashe su.

Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne wanga. Mu nan ba mu ɗauki iyaka bakin komi ba. Kakanninmu sun ci kasuwar Jibiya da ta Illela tun ba a kafa turakun ba. Gwaggon wani tana Daura, surukin wani yana Sakkwato, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya. Mutum yana iya wucewa da gaisuwa da sanayya. Mota ba ta da gwaggo. A idon duwan mota haja ce, kamar buhun shinkafa ko bandir na yadi, haja ce mai tsada kuma. Kuɗɗin duwan da anka biya mata lokacin da ta shigo Nijar na Nijar ne kaɗai. Ranar da ta taka ƙasar Najeriya ko Gana, baƙuwar haja ce wadda ba a biya ma komi ba, ana barinta ta shiga ne bisa alkawalin za ta fito. Duk takardun da za mu lissafa, wanga alkawali suke tsarewa.

Akwai doka a kan haka, ba son ran ma'aikaci ba ne. Ƙungiyar CEDEAO, wadda anka kafa a Legas cikin 1975, ta sa hannu a Dakar cikin 1979 a kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a. Cikinta anka ce motar gida mai lambar wata ƙasar ƙungiya tana iya zama kwana 90 a wata ƙasar, motar haya mai ɗauke da fasinja kuwa kwana 15. Anka gindaya sharaɗi: farmin tuƙi mai rai, takardar mallakar mota, asurans da ƙasashen sunka yarda da shi, da takardar duwan.

Mu fara da kartagiris, don nan ne ciwonmu yake. Ku ɗauko ta ku karanta sunan da ke kai. Da yawa cikinmu sun sayi mota hannu na biyu ko na uku, an yi ciniki gaban shaidu, an yi addu'a, an sha hannu, amma ba a je an canja suna ba. Kartagiris tana nan da sunan wani bawan Allah na Yamai wanda ba mu taɓa gani ba, watakila ma ya rasu. Cikin gida abin yana wucewa, jandarman hanya ya san ka, ya san motar. A ƙetare ba wanda ya san ka. Ma'aikaci ya duba katin ɗan ƙasa ya ga suna, ya duba kartagiris ya ga wani suna dabam. Mi kuke so ya ce? Motocin sata suna bin hanyoyin nan da gaske, shi ma an ba shi umurni ya tsare su. Don haka wanda ya sayi mota ya daure ya yi canjin suna tun kafin ya yi mata fenti da ado. Kuɗɗin canjin suna bai kai na sabbin tayu huɗu ba, mun kuwa ga masu sayen tayu suna cewa canjin suna sai baɗi.

Sai kuma mai mota yana Abijan, ƙanensa ke tuƙi a gida. Wannan shi ne halin rabin motocin garinmu. Cewa “ta yayana ce” ba takarda ba ce. Mai motar ya rubuta takardar wakilci, wadda ake kira furokirasiyo, da sunan direba, da lambar mota, da lambar shasi, a kai ta ma'aikatar magajin gari ko komisariya a buga mata hatimi. A haɗa da fotokopin katin mai motar. In zai yiwu a rubuta ƙasashen da anka yarda direba ya shiga. Ƴan ci-rani, ku yi wanga aiki yanzu da kuke gida, kada ku bari sai an kira ku a waya daga bakin iyaka.

Lambar shasi ma ku duba ta da idonku. Ku buɗe gaban mota, ku sa yaro mai karatu ya karanta harafi ɗaya ɗaya, ku gwada da abin da ke cikin kartagiris. Wanda ya sake inji ya aje rasit na sabon injin cikin mota. Harafi guda da ya saɓa ya isa a kwana a ofis.

Farmi da bizit ba su buƙatar dogon bayani. Su kasance da rai, kuma farmin ya dace da girman motar. Mai farmin ƙaramar mota ba ya jan kamyo ko motar fasinja.

Yanzu takardar duwan, wadda muke kira lasefase. In kun isa iyaka, ku tsaya ɓangarenmu a rubuta fitar motar, ku tsaya ɓangarensu ku karɓi takardar shiga ta wucin gadi. Ana rubuta sunanku, lambar mota, lambar shasi, da yawan kwanakin da anka ba ku. To, jama'a, a nan ku buɗe kunne. Kwana 90 da munka faɗa yana cikin littafin doka. Abin da ke aiki a kanku shi ne abin da ma'aikaci ya rubuta da alƙalaminsa a takardar da ke hannunku, sau da yawa kuwa bai kai haka ba. Kada ku bar tagar sai an karanta maku ranar ƙarewa. In zama ya ja, ciwo ya yi tsawo ko biki ya ɗage, ku nemi ofishin kwastan mafi kusa tun kwanakin ba su cika ba, ku roƙi ƙari. In kun dawo, ku maida takardar a nuna motar ta fito. Wanda ya biyo ta daji ya dawo gida, a littafinsu motarsa tana can har yanzu, kuma ranar da ya sake komawa za a tuna mashi.

Mun san abin da ake cewa: hanyar daji ta fi sauƙi, ba layi, ba tambaya. Gaskiya ne, har zuwa shingen farko na cikin ƙasa. Tsakanin Jibiya da Katsina, ko Kwangwalam da Daura, ko Illela da Sakkwato, shingaye ba su ƙirguwa, kowane kuma yana ganin RN a lambarku tun daga nesa. Mai lasefase yana da bakin magana. Marar ita sai abin da anka yanka mashi. Ku bi ƙofofin da anka sani: Ɗan Isa ga mutanen Maraɗi, Birnin Ƙwanni ga na Tawa, Ɗan Barto ko ta Magarya ga na Damagaram.

Wani abu da ya sa kwastan na Najeriya ke yi ma lambarmu kallon tuhuma: daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatinsu ta hana shigo da motocin sayarwa ta iyakar ƙasa, ta ce sai ta tashar jirgin ruwa. Da ma motoci da yawa da ake saukewa a Kwatano ta wajenmu suke bi su faɗa can. Saboda haka kada wanda ya shiga da lasefase ya sayar da motarsa a can, komi daɗin farashi. Kada kuma ya bar ma suruki ita ya dawo a motar haya, wai a riƙa kai yara makaranta. Sunanka ne a littafi. In an kama ta, fasa-ƙwauri za a kira abin, mai saye ya yi hasara, mai sayarwa ya yi hasara, zumunci ya lalace a tsakani.

Sai asurans. Asurans ɗinmu na gida ba ya ƙetare iyaka shi kaɗai. Abin da ke ƙetarewa shi ne katin nan mai ruwan ƙasa, kart burun, wanda ƙasashen CEDEAO sunka kafa a Kwatano cikin 1982, babban ofishinsa kuma yana Lome. Aikinsa guda ne: in motarka ta yi ma wani ɓarna a baƙuwar ƙasa, ta buge mutum ko ta lalata dukiya, ofishin katin na wannan ƙasar zai tsaya a kan maganar diyya. Ba ya gyara taka motar, kada a ruɗe ku. Amma ku tuna da baƙon direba da ya buge yaro a kasuwar da ba shi da kowa. Ba gyaran mota ne damuwarsa ba a ranar. Ku duba kwanan watan katin, ku duba lambar motar da ke kai. Ku saye shi a kamfanin asurans da ke da ofis da ƙofa, ba hannun yaron da ke yawo da jaka a tasha ba, don na jabu suna da yawa, ba a kuwa gane su sai ranar da ake buƙatarsu. In tsautsayi ya faɗa, ku nemi ƴan sanda su rubuta rahoto, ku karɓi kofi, ku kira kamfaninku. Sulhun bakin hanya ba tare da takarda ba yana iya dawowa bayan wata shida da sabuwar magana.

Masu zuwa Cadi ko Kamaru su sani can wata ƙungiya ce, CEMAC, katinsu dabam ne, kart roz ake ce mashi. Kart burun ba ya aiki can.

Dattawa za su ce duk wanga mun ji, amma ai mun fita CEDEAO. Haka ne. Nijar da Mali da Burkina sun ba da sanarwar fita cikin Janairu 2024, fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, sun kuwa kafa tasu ƙungiyar, AES. A ranar CEDEAO ta ce ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin ƴan ƙasashen ukku, su bar su su yi zirga-zirga ba biza, har sai an ba da wata sanarwa. Ku lura da kalmar: har sai an ba da wata sanarwa. Abin da a da yake haƙƙi rubutacce, yanzu yana rataye ga shawarar hukumomi. Shi ya sa muke cewa mai tafiya ya tambayi kamfanin asurans ya tabbatar mashi katin yana aiki a ƙasar da za shi, ya kuma tambayi direbobin tasha da sunka dawo cikin makon nan, ba wanda ya je bara ba.

Iyaka kuma tana rufewa ba sallama. Najeriya ta rufe tata cikin Agusta 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 anka sake rufewa har Maris 2024. Gadar Gaya zuwa Malanbil kuwa, ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren, namu ya zauna rufe har cikin 2025. Kowane karo akwai motocin da rufewar ta tarar a ƙetare, kwanakin lasefase na tafiya, mai mota na kallo. Wanda ya ji ƙishin-ƙishin na rikici tsakanin hukumomi, ya fiddo motarsa tukuna, ya koma ya ƙarasa harkarsa a motar haya.

Abin da ke cikin motar ma naku ne a idon doka. Mun saba da saƙo: wance ta ba da ƙulli a kai ma ɗiyarta, wane ya ba da kwali a sauke a Kano. Kada direba ya ɗauki abin da bai buɗe ya gani ba, ko na limamin gari ne, Allah shi gafarta malam. Ƙwayoyin nan da ke lalata samarinmu a cikin irin wanga kwali suke tafiya. Jarkokin mai su ma ku bar su. Najeriya ta cire tallafin man fetur cikin Mayu 2023, ribar da ake hange a da ta ragu, amma laifin bai ragu ba, mota guda kuwa ta fi jarka goma. Ku aje abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa ukku, ku ɗaura bel, don ma'aikatan kiyaye haɗurra na can suna tambayarsu. Kowane fasinja ya riƙe katinsa da katin allurar shawara. Kada ku yi tafiyar dare a hanyar Jibiya ko ta Illela, kun san halin da ake ciki da ƴan bindiga, ba sai mun faɗa ba.

Kan kuɗɗin da ake karɓa a shinge, ba za mu yi maku ƙarya mu ce mai cikakkar takarda ba ya ba da komi ba. Yana bayarwa wani lokaci. Amma shi na goro yake bayarwa ya wuce, marar takarda kuwa cinikin motarsa ake yi da shi. In an ce ku biya wani abu da sunan hukuma, ku roƙi rasit da ladabi. Kada ku yi faɗa, kada ku miƙa takardunku na asali ga wanda ba ya cikin kaki.

Ga abin da kwamiti ya yanke. Duk mai mota cikin ƴan ƙungiya ya kawo ma magatakarda fotokopin kartagiris, asurans, farmin direba da takardar wakilci, a aje cikin akwatin ƙungiya, don in an kira mu cikin dare mu san da mi za mu tafi. Motar ƙungiya da ke kai marasa lafiya asibitin ƙetare ba za ta sake tashi ba sai magatakarda ya ga kart burun da idonsa. Asusun taimako zai ci gaba da tsaya ma wanda tsautsayi ya afka ma alhali takardunsa suna cike. Wanda ya bi ta daji ko ya fita da sunan wani a kartagiris, za mu je mu gaishe shi, za mu yi mashi rakiya wajen hukuma, amma ba za a taɓa kuɗɗin marayu da na gyaran rijiya don fansar motarsa ba. An yi gardama a kan wanga cikin kwamiti, wasu sun ga ya yi tsauri, mafi yawa sunka rinjaya.

Magatakarda zai zauna a zauren mai gari gobe da jibi, daga hantsi zuwa azahar, tare da malamin lakwal da zai taimaka wajen karanta takardu da rubuta na wakilci. Masu komawa Abijan da Legas ranar kasuwa su fara zuwa.