Aikin kwantabul da goyo a baya

Ƴan uwa, musamman ƙannena mata da suka gama karatun lissafin kuɗi da goyo a baya.

Ana ce muku ku bari yara su girma kafin ku nemi aiki. Ni dai ban yarda ba. Wannan sana'a ba ta jiran kowa. Ko tsarin SYSCOHADA da muke aiki da shi, sabonsa ya fara aiki a 2018, kuma waɗanda suka ajiye alƙalami sai da suka koma koyo.

Sauƙin abin, aikin kwantabul yana da lokutansa sanannu. Ƙarshen wata akwai albashi da takardun haraji. Daga Janairu kuma, rufe lissafin shekarar da ta wuce. Ki zauna da maigida, da inna ko uwar miji, ki faɗa musu ranakun nan tun da wuri, a san wa zai riƙe yara.

In babu gurbi a ofis, ki fara da ɗan kasuwa guda a Maraɗi ko Damagaram: shigar kuɗi, fitarsu, bashi, rasit. Amma kuɗin mai kaya amana ne. Ko yaro na zazzaɓi, kada dala ɗaya ta fita ba rubutu.

Ku kuma masu ɗaukar aiki, dokar ƙwadago ta Nijar ta ba mace hutun haihuwa na mako 14. Haƙƙinta ne, ku ba ta.