KA SAN WUTAR DA GIDANKU KE SHA? JAWABIN MALAM GA MATASA

Bayan yabo da godiya ga Allah (SWT) da salati ga Manzon rahama (SAW) da Iyalan gidansa tsarkaka, Malam ya fara da tambayar samarin da suka taru a wajen ta'alimin, ya ce wane ne a cikinsu ya san yunit nawa na wutar lantarki gidansu ya sha a watan jiya? Aka yi tsit. Sai ya ce to wannan shirun shi ne abin da zai yi magana a kai, domin mutumin da bai san abin da ya sha ba, ba zai san ranar da aka zalunce shi ba, kuma ba zai san ranar da shi ya zalunci wani ba.

Malam ya tuna wa 'yan uwa cewa an kafa NEPA a 1972, aka mayar da ita PHCN a 2005, sannan a Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanonin 'yan kasuwa. Ya ce suna ya canza, amma talaka bai daina kuka da bil ɗin ƙiyasi ba, wanda ake kawo wa gidan da ba shi da mita. A Afrilun 2024 kuma aka ninka kuɗin wutar 'yan rukunin Band A fiye da sau uku, yunit ɗaya ya kai N225. “Duk wannan mun sani, kuma muna faɗa. Amma ɗan uwa, kai da kake kukan zalunci, me ka rubuta?”

Daga nan sai ya shiga lissafi, ya ce ba ya buƙatar digiri. Kowane kayan wuta an rubuta ƙarfinsa a jikinsa, wato wat. Ka ɗauki wat ɗin ka ninka da awannin da ya yi a kunne, ka raba da 1,000, abin da ya fito shi ne yunit. Dutsen guga mai wat 1,000 in ya yi awa guda yana aiki ya sha yunit ɗaya. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 da ake bari a zaure daga magariba zuwa safiya, awa 12, yana shan yunit 21.6 a wata, wato N4,860 a wancan farashin. In aka sa ƙwan LED mai wat 9 a gurbinsa, yunit uku da 'yan kai zai sha, kuɗin bai kai N800 ba. Ya ce abin lura shi ne duk abin da ke kawo zafi, irin su hita da risho na lantarki da dutsen guga, su ne manyan maciya. Cajin waya da ake ta yi wa yara faɗa a kansa ba wani abu ba ne.

Malam ya nemi kowane saurayi ya sami ɗan littafi ya ajiye kusa da mita. Kullum bayan sallar Asuba ya duba lambar da ke jiki ya rubuta da kwanan wata. In mitar kati ce, abin da ya ragu tsakanin jiya da yau shi ne abin da aka sha. Ya ce a yi haka mako biyu, za a ga ranar wanki da guga ta bambanta da sauran ranaku. Ya kuma ce a gwada kashe komai na gidan na ɗan lokaci, in har mita tana ci gaba da ci, to ko dai wani ya ja waya, ko akwai matsala a wayoyin gidan, sai a nemo mai gyara.

Inda ya fi daɗewa shi ne batun gidan haya. Ya ce sau da yawa ɗaki shida ne a kan mita ɗaya, ana raba kuɗi daidai wa daida. A ciki akwai tsohuwar da ƙwai ɗaya da fanka kawai gare ta, akwai kuma saurayin da ke dafa wake da hita cikin dare ya ɓoye ta ƙarƙashin gado da safe. “Wannan saurayin zai zo sahun gaba a masallaci, alhali kuɗin gyaɗar tsohuwa ne ya dafa masa wake. Wallahi hakki ne, kuma sai an biya shi, in ba a nan ba to a can.” Ya ce a zauna a rubuta kayan kowane ɗaki, a raba kuɗi gwargwadon abin da kowa ke kunnawa.

Ya kuma ja kunnen waɗanda ke zaune gidan iyayensu, su fita su bar fanka da talabijin a kunne don ba su ke sayen kati ba. Ya ce Alƙur'ani ya hana almubazzaranci, kuma yin sa da gumin mahaifi ya fi muni.

A lokacin tambayoyi wani ɗan uwa ya ce tunda su ma ana cutar su da bil, mene ne laifin tsallake mita? Malam ya ce bai halatta ba. Cutar da aka yi maka ba ta halatta maka sata, kuma irin wannan haɗin na ɓoye yakan jawo gobara da ƙonewar taransifoma, unguwa duka ta shiga duhu a koma karo-karo. Ya ce hukumar NERC ta sa iyaka ga bil ɗin ƙiyasi tun 2020, don haka a adana takardun bil da rasit, a rubuta awannin da aka samu wuta kowace rana, a haɗu a kai ƙorafi a rubuce, a kuma matsa a kan a ba da mita.

Wani kuma ya tambaya ko a kashe firji da dare. Malam ya ce a bar shi, sai dai a rage yawan buɗe shi, a kuma duba robar ƙofar ko ta saki. Daga nan aka yi addu'a aka tashi.