Jawabin Wannan Wata: Sanyi Ba Ya Hana Rana Ƙona Fata

An shirya wannan jawabi ne domin malaman azuzuwan manya su karanta wa ɗalibai, sa'an nan a tattauna a kansa.

Jawabin yau ya shafi wani wasa ne da ake yi a ƙasashen sanyi, da kuma wata cuta da take bin masu yin sa.

A ƙasashen Turai irin su Faransa da Suwizalan da Ostiriya, akwai manyan tsaunuka da ake kira Alps. Idan hunturunsu ya shigo, dusar ƙanƙara takan rufe tsaunukan nan su yi fari fat kamar an shanya auduga. Mutane sukan ɗaura wasu dogayen allunan sulɓi a ƙafafunsu, su riƙe sanda biyu, su sulalo daga kan tudu zuwa gangare. Wannan shi ne wasan zamiya a kan ƙanƙara. Tun shekarar 1924 aka fara babbar gasar Olamfik ta lokacin sanyi a garin Chamonix na Faransa. A Afirka ma ana yin wasan, a Oukaimeden da ke kan tsaunukan Atlas na Maroko, da kuma a ƙasar Lesoto. Wani ɗan Ghana, Kwame Nkrumah-Acheampong, ya shiga gasar Olamfik ta 2010 a Kanada, Samuel Ikpefan kuma ya wakilci Nijeriya a ta 2022 a ƙasar Sin.

To, abin mamaki shi ne, mutum yakan wuni a cikin sanyin da yake daskarar da ruwa, amma da yamma sai ya ga fuskarsa ta yi ja, tana raɗaɗi kamar wuta ta lashe ta. Bayan 'yan kwanaki fatar ta soma saɓulewa. Ina wutar ta fito?

Amsar ita ce, ba zafin rana ne yake ƙona fata ba. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, jiki kuma ba ya jin ɗuminsa. Masana suna kiran sa UV. Shi ne yake ratsa fata ya lalata ƙwayoyinta. Ba ruwansa da sanyi ko zafi. Sanyin ma ƙara haɗarin yake yi, domin wanda gumi bai dame shi ba, ba zai tuna da neman inuwa ba.

Abu uku ne suke ƙara wa wannan haske ƙarfi a kan tsauni. Na farko shi ne tsayin wurin. Iskar da ta lulluɓe duniya ita ce take tace hasken, kuma tana raguwa idan an hau sama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa duk hawan mita 1,000, ƙarfin UV yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100. Ke nan wanda yake kan tudu mai mita 3,000 yana shan kusan kashi 30 fiye da na bakin teku.

Na biyu shi ne ita kanta dusar. Ciyawa da ƙasa suna shanye yawancin hasken, abin da suke mayarwa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Busasshen rairayi yana mayar da kimanin kashi 15. Amma sabuwar dusar ƙanƙara tana iya mayar da har kashi 80, kamar madubi. Watau rana tana dukan mai wasa ta sama, tana kuma dukan sa ta ƙasa. Shi ya sa hula kaɗai ba ta isa ba. Ƙarƙashin haɓa da ƙasan hanci da leɓɓa da kunnuwa, nan ne ƙunar ta fi kamawa.

Na uku shi ne girgije. Mutane sukan saki jiki idan gari ya lumshe, alhali siririn girgije ba ya tsare yawancin wannan haske.

Wannan ƙuna ta taɓa zama sanadin alheri. A shekarar 1938, wani matashi mai karatun harhaɗa sinadarai, Franz Greiter, ya hau tsaunin Piz Buin da ke kan iyakar Suwizalan da Ostiriya. Rana ta ƙona shi ƙwarai. Bai bar abin ya wuce haka nan ba, sai ya duƙufa bincike. A 1946 ya fitar da wani man shafawa mai kare fata daga rana, wanda ya zama cikin na farko-farko a kasuwa.

A jikin kwalbar irin wannan mai akan rubuta SPF, sa'an nan lamba ta biyo baya. Mai lamba 15 yana tsare kimanin kashi 93 cikin 100 na hasken da yake ƙona fata. Mai 30 yana tsare kashi 97, mai 50 kuma kashi 98. Babu wanda yake tsare duka. Ga mai hawan tsauni, ana so kada lambar ta gaza 30. A shafa shi minti 20 kafin a fita, kamar cikin ƙaramin cokali ɗaya ga fuska da wuya da kunnuwa. A sake shafawa duk bayan awa 2, domin gumi da goge hanci da mayafin wuya suna share shi. Leɓe ma yana da irin nasa man mai ɗauke da lambar. A lura da lokaci, domin hasken ya fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, musamman a watannin Maris da Afrilu a Turai, sa'ad da rana ta ƙara ɗagowa amma ƙanƙara ba ta narke ba.

Ido ma yana ƙonewa. Ana kiran abin makantar ƙanƙara. Ba ya nunawa nan take, sai bayan wasu awoyi. Cikin dare mutum ya ji kamar an watsa masa yashi a ido, hawaye na zuba, ba ya iya kallon fitila. Yawanci yakan warke cikin kwana ɗaya zuwa biyu idan an zauna a ɗaki mai duhu, an ɗora tsumma mai tsabta mai sanyi, ba a murza idon ba. Kada a ɗiga kome sai da izinin likita. Mutanen Inuit na arewacin Kanada da Alaska sun san wannan cuta tun da daɗewa. Sukan sassaƙa tabarau da ƙashi ko itace, su yi masa 'yar siririyar tsaga da za a leƙa ta ciki. Masu wasan zamiya na yau suna sa babban tabarau mai rufe har gefen ido, wanda aka rubuta UV400 a jikinsa.

Wani zai ce, ai wannan matsalar masu jar fata ce. Gaskiya ne baƙar fata tana da sinadarin melanin mai yawa, wanda yake ba ta kariya. Amma kariyar ba cikakkiya ba ce, kuma ba ta kai ga fatar ƙwayar ido ba. Ciwon da yake kama mai walda idan ya kalli tartsatsin wuta ba tare da gilashi ba, shi ne dai ciwon da yake kama ɗan wasan ƙanƙara, domin haske iri ɗaya ne yake jawo su.

Waɗanda darasin ya fi shafa a ƙasar Hausa su ne zabiya. Jikinsu ba ya yin isasshen melanin, saboda haka rana tana ƙona su da sauri. Ƙuna bisa ƙuna, shekara da shekaru, ita ce take kai wa ga ciwon daji na fata, wanda yake hallaka zabiya da yawa a Afirka tun suna da sauran ƙuruciya. Sanyin hunturu ba kariya ba ne gare su, haka nan sanyin wurare masu tudu irin su Jos da Mambila. Yaro zabiya yana bukatar malafa mai faɗi, da riga mai dogon hannu, da tabarau, da man kariya idan an samu. Kada a tura shi kiwo ko talla da tsakar rana. Duk wani miki ko tabo a fatarsa da ya ƙi warkewa, a kai shi asibiti da wuri.

Hausawa suna cewa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Malami ya tambayi aji: akwai zabiya ko mai walda a unguwa? Wa zai kai masa wannan saƙo kafin fitowar jaridar wata mai zuwa?